Rigimar Sassan Bindiga a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin da Ke Damun Masu Bindiga

Duk mai bin labaran Amurka ya saba jin gardamar bindiga, amma yawanci a kan cikakkiyar bindiga ake jin ta: wa zai saya, wa za a hana. Daga 2018 zuwa yau kuwa, zafin rigimar ya fi komawa kan sassa, wato guntun roba, guntun ƙarfe, da madaurin da ake saka hannu a ciki. Gwamnatin tarayya ta fitar da manyan ƙa'idoji uku a kan irin waɗannan sassa (ta kwalin sassan harhaɗa bindiga, ta madaurin hannu, da ta gindi mai zamiya), kuma dukkansu sai da suka kai gaban alƙali. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Wace hukuma ce ke fitar da waɗannan ƙa'idoji, kuma daga ina ta samu iko?

Hukumar ATF ce, mai kula da harkar barasa, taba, bindigogi da abubuwan fashewa. Tun 2003 tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Ba ta da ikon yin doka. Majalisar Dokoki ke yin doka, ita kuma hukumar ta fassara ta, ta rubuta ƙa'idojin aiwatarwa.

Tsofaffin dokoki biyu ne madogararta. Ta farko ita ce ta 1934, wadda aka yi a zamanin 'yan daban da suka addabi birane irin su Chicago. Ta ɗora harajin dala 200 da wajibcin rajista a kan mashinga, da doguwar bindigar da aka gajarta bututunta, da salansar da ke rage ƙarar harbi. Dala 200 a wancan lokacin kuɗi ne masu nauyi, sun haura dala 4,000 a lissafin yau. Ta biyu ita ce ta 1968, wadda aka zartar a shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy. Ita ta wajabta wa masu ƙera bindiga da dillalai lasisi, da buga lamba a jikin kowace bindiga, da ajiye takardun ciniki.

Kafin ƙa'ida ta fara aiki, dokar 1946 ta tilasta wa hukuma ta buga daftari, ta ba jama'a lokacin faɗin ra'ayi, sannan ta amsa manyan ƙorafe-ƙorafensu. Ku riƙe wannan, don a nan ne ɗaya daga cikin ƙa'idojin ukun ta yi tuntuɓe.

A cikin sassan bindiga, wanne ne doka ta ɗauka a matsayin bindiga?

Guda ɗaya tak: gangar jikin, wato gidan da sauran kayan aikin harbi ke zama a ciki. A kanta ake buga lamba. Wanda zai saye ta a wurin dillali sai ya cika fom, an binciki tarihinsa, ko da ba ta da bututu ko kunama a jikinta. Sauran sassa, kamar bututu, gindi, kunama da sifirin, dokar tarayya ba ta hana a saye su ta intanet a kawo wa mutum har gida ba.

Matsalar ita ce bayanin da aka rubuta wa gangar jiki tun ƙarshen shekarun 1960 ya yi daidai ne da bindigogin wancan zamani, waɗanda gida ɗaya ke riƙe komai. Bindigar AR-15, wadda ita ce doguwar bindigar da ta fi kasuwa a Amurka, gangar jikinta rabi biyu ce, sama da ƙasa. Shekara da shekaru ATF na ɗaukar rabin ƙasa a matsayin bindigar. Sai wasu alƙalai, ciki har da wani na jihar Ohio a 2019, suka duba rubutun ƙa'idar suka ce rabin ƙasan bai cika sharuɗɗan da hukumar da kanta ta rubuta ba. Wannan na cikin abin da ya zaburar da hukumar ta sake rubutu.

Mene ne bindigar fatalwa? Kuma da gaske mutum na iya ƙera bindigarsa a gida?

Da gaske ne. Dokar tarayya ba ta taɓa hana mutum ya ƙera wa kansa bindiga ba, muddin ba ya cikin waɗanda aka haramta wa riƙe makami, kuma ba sana'ar sayarwa ya mayar da abin ba. Ba a kuma tilasta masa buga lamba ba. Al'ada ce da ta girmi ƙasar kanta, kuma masu yin ta suna alfahari da ita.

A da aiki ne na maƙeri mai kayan aiki da haƙuri. Abin da ya sauya shi ne kamfanoni sun fara sayar da gangar jikin da aka kusa gamawa, saura 'yan ramuka da ɗan abin da za a kankare. 'Yan kasuwa suka sa mata suna "kashi 80", ko da yake babu wannan lissafi a cikin doka. Tunda ba a gama ta ba, ba bindiga ba ce a idon doka, saboda haka babu lamba, babu fom, babu bincike. Kamfanin Polymer80 na jihar Nevada ya kai ga haɗa komai a kwali ɗaya: gangar jikin roba, bututu, sauran sassa, da abin da ke nuna wa mutum inda zai huda. Bindigar da ta fito daga irin wannan kwali ita 'yan sanda da 'yan jarida ke kira bindigar fatalwa, don ba ta da lambar da za a bi sawunta. Masu ƙerawa ba sa son sunan, sun fi son a ce bindigar da mutum ya ƙera da kansa.

To me daftarin 2021 ya zo da shi?

A watan Afrilun 2021 Shugaba Joe Biden ya umarci Ma'aikatar Shari'a ta kawo daftari cikin kwana 30. Ya fito a watan Mayu, aka kammala shi a Afrilun 2022, ya fara aiki ranar 24 ga Agusta, 2022.

Jigonsa shi ne: kwalin sassan da za a iya harhaɗawa ya zama bindiga cikin sauƙi, bindiga ne. Gangar jikin da ba a gama ba amma ana iya gama ta cikin sauƙi, ita ma gangar jiki ce. Don haka mai ƙera su sai da lasisi, sai ya buga lamba, mai saye kuma sai an bincike shi. Wajen yanke hukunci, hukumar ta ba kanta damar duba abubuwan da aka haɗa aka sayar tare, har da takardar bayani da irin tallar da aka yi. Ƙa'idar ta kuma ce dillali ko mai gyara da ya karɓi bindiga marar lamba cikin hajarsa sai ya buga mata lamba cikin kwana 7. Sannan ta soke damar da dillalai ke da ita ta zubar da takardun ciniki bayan shekara 20.

Me ya fi tayar wa masu bindiga hankali a ciki?

Ra'ayoyi kusan 290,000 aka aika wa hukumar. Idan aka tace su, ƙorafi huɗu ne ke ta maimaituwa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko, rashin tabbas. Dokar 1968 ta yi maganar makamin da za a iya mayarwa mai harbi cikin sauƙi, amma ba ta faɗi mizanin sauƙin ba. Ƙa'idar ta jero abubuwa takwas da za a duba, irin su tsawon lokacin aikin, ƙwarewar da ake buƙata, kayan aiki, da tsada, amma ba ta ce minti kaza ko rami kaza ba. Abin da ya yi wa ƙwararren mai injin yankan ƙarfe sauƙi, ya gagari malamin makaranta. Mai ƙaramin shago da ke sayar da sassa sai ya ce: ta yaya zan san ranar da hajata ta tsallake layi, alhali hukuncin kuskure ɗauri ne? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, domin a dokar laifi ya wajaba mutum ya iya sanin abin da aka haramta kafin ya aikata, ba sai jami'i ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Na biyu, sauya magana. Shekaru da dama ATF na rubuta wa kamfanoni wasiƙu tana cewa samfurin kaza ba bindiga ba ne. Mutane suka zuba jari bisa waɗannan wasiƙu, suka ɗauki ma'aikata. Rana ɗaya hukumar ta ce wasiƙun da suka shafi gangar jikin da ba a gama ba sun daina aiki. Majalisa ba ta sauya ko harafi ɗaya na doka ba, fassarar ce kawai ta juya.

Na uku, masu gyaran bindiga. Sun ji tsoron a mayar da su ma'aikatan buga lamba na dole, abokan ciniki kuma su guje su, su koma gyara a ɓoye.

Na huɗu shi ne tsoron rajista, wanda ya cancanci tambayarsa daban.

Akwai kuma masu cewa buga lamba ita kanta zalunci ce. A ganina wannan ne mafi raunin hujjojin. Tun 1968 kowace bindigar shago ke ɗauke da lamba, kuma hakan bai hana Amurkawa mallakar ɗaruruwan miliyoyin bindigogi ba.

Ƙorafin nasu ya sauya wani abu kuwa, ko an ji ne kawai an wuce?

Ya sauya. Daftarin farko an rubuta shi ta yadda bindiga ɗaya za ta iya samun gangar jiki fiye da ɗaya, wanda ke nufin rabin saman AR-15 ma na iya buƙatar lamba da bincike. Masu ƙerawa da masu saye suka yi caa a kai. A rubutun ƙarshe hukumar ta janye, ta tsaya kan sashe ɗaya, ta bar rabin ƙasa a matsayinsa na da. An kuma sassauta wa masu gyara: bindigar da aka kawo aka gyara aka mayar wa mai ita a rana ɗaya ba ta buƙatar lamba. An fayyace cewa ɗanyen ƙarfe ko robar da ba ta ɗauki siffa ba ba ta cikin lissafi. Kuma ƙa'idar ba ta hana ƙera bindiga a gida ba, ba ta kuma tilasta wa wanda ya riga ya ƙera tasa ya kai a buga mata lamba ba. Wannan batu na ƙarshe ya sha ɓacewa a cikin hayaniya.

Tsoron rajista fa? Gwamnati na tara sunayen masu bindiga ne?

Dokar 1986 ta haramta wa gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindiga na gama-gari. Idan an binciki mai saye aka amince masa, sai an goge bayanan binciken cikin awa 24. Fom ɗin da ya cika yana zama ne a shagon dillali. Idan 'yan sanda sun tsinci bindiga a wurin da aka yi laifi, sai ATF ta tuntuɓi kamfanin da ya ƙera, daga nan zuwa babban dillali, zuwa shago, zuwa wanda ya fara saye.

Amma idan shago ya rufe, takardunsa na tafiya cibiyar bin sawu ta hukumar da ke Martinsburg a jihar West Virginia. Hukumar ta shaida wa 'yan majalisa cewa zuwa ƙarshen 2021 tana riƙe da bayanai sama da miliyan 900 na irin wannan, mafi yawansu an ɗauki hotonsu an adana a kwamfuta. Ta ce ba a iya bincika su da sunan mutum. Masu bindiga suka ce wannan shinge ne da za a iya cirewa da ɗan aikin manhaja. To da aka soke wa'adin shekara 20, ma'anarsa kusan kowane fom zai ƙare a Martinsburg wata rana.

Shin wannan rajista ce? A yau, a'a. Shin tsoron na banza ne? Shi ma a'a. Mai bindiga a Amurka ya san yadda Birtaniya ta karɓe ƙananan bindigogi a 1997, da yadda Ostareliya ta sayi ɗaruruwan dubbai daga hannun jama'a bisa tilas bayan kisan Port Arthur na 1996, kuma a ransa rajista ita ce matakin farko. Mutum na iya ganin ƙasashen nan biyu sun yi daidai, amma ba zai ce mai tsoron ƙirƙirar abin ya yi ba. A ɗaya ɓangaren, bindiga na daɗewa fiye da shekara 20 tana aiki, kuma ɗan sandan da ke binciken kisa bai ga dalilin da zai sa a ƙona takardar da za ta kai shi ga mai laifi ba.

Me Kotun Ƙoli ta ce game da kwalin sassa?

Wata tsohuwar 'yar sanda a Tekzas, Jennifer VanDerStok, tare da kamfanoni da ƙungiyoyin kare haƙƙin bindiga, suka kai ƙara. Alƙali Reed O'Connor ya soke ƙa'idar a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansa a kan manyan batutuwan, amma Kotun Ƙoli ta bari ƙa'idar ta ci gaba da aiki kafin a yanke hukunci.

A zaman sauraro na Oktoban 2024, Mai Shari'a Samuel Alito ya tambaya: idan ya ajiye ƙwai da yankakken nama da tattasai da albasa a kan tebur, wainar ƙwai ke nan? Mai Shari'a Amy Coney Barrett ta juya tambayar: idan kamfanin abinci ne ya auna komai, ya haɗa a kwali da sunan girkin a jiki fa? Tsakanin tambayoyin nan biyu shari'ar ta tsaya.

Ranar 26 ga Maris, 2025, kotu ta tabbatar da ƙa'idar da rinjayen 7 da 2. Mai Shari'a Neil Gorsuch, wanda Shugaba Trump ya naɗa, shi ya rubuta hukuncin. Ya kawo misalin kwalin Polymer80 da wani mai gwaji ya harhaɗa cikin minti 21 da kayan aikin gida. Clarence Thomas da Alito suka ƙi amincewa. Sai dai hukuncin bai rufe ƙofa duka ba. Abin da ya ce shi ne aƙalla wasu kwalaye da wasu gangunan jiki sun shiga ƙarƙashin dokar 1968, don haka ba za a soke ƙa'idar gaba ɗaya ba. Ya amince akwai samfuran da suka yi nisa da zama bindiga, kuma masu su na iya kai tasu ƙarar. Wato ainihin tambayar mai ƙaramin shago, ina layin yake, tana nan.

Ni dai ina ganin kotu ta yi daidai a nan. Kwalin da aka haɗa don ya zama bindiga kafin a gama shan shayi, a kuma sayar wa yaro ɗan shekara 16 ko wanda kotu ta haramta wa makami ba tare da tambaya ba, hanya ce ta zagaye doka, ba raya sana'ar maƙera ba.

Ina labarin madaurin hannu? Me ya sa ya fi kowanne tayar da ƙura?

Saboda yawan mutanen da ya shafa, da kuma tarihinsa.

A 2012 wani tsohon soja, Alex Bosco, ya ƙirƙiro madauri da ake ɗaurawa a bayan babbar fistol, ya zagaye damtse, don wani abokinsa tsohon soja mai naƙasa ya iya harbi da hannu ɗaya. Ya aika wa ATF, ta ce ba laifi, bindigar tana nan a fistol. Kasuwa ta buɗe. Mutane suka lura ana iya jingina madaurin a kafaɗa kamar gindin doguwar bindiga, wanda ke nufin an samu gajeriyar bindigar kafaɗa ba tare da rajistar 1934 ba. A 2015 hukumar ta ce wanda ya jingina shi a kafaɗa ya sauya bindigar. A 2017 ta sassauta. A Disambar 2020 ta buga sabon jagora, ta janye shi cikin 'yan kwanaki. A tsakanin nan an yi amfani da bindigogi masu madauri a kisan Dayton na 2019, inda mutum 9 suka mutu, da na wani kanti a Boulder a 2021, inda aka kashe 10.

A Janairun 2023 ƙa'idar ƙarshe ta fito, ta mayar da mafi yawan irin waɗannan bindigogi gajerun bindigogin kafaɗa. Aka ba masu su kwana 120, zuwa 31 ga Mayu: ko su yi rajista ba tare da biyan harajin ba, ko su cire madaurin, ko su sa dogon bututu, ko su miƙa, ko su lalata. Wanda ya ƙi, yana fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara 10. ATF ta ƙiyasta bindigogin sun kai miliyan 3, sashen bincike na Majalisa kuwa ya ce madauran da ke hannun jama'a na iya kai miliyan 10 zuwa 40. Takardun neman rajista da aka aika ba su wuce kimanin 255,000 ba. Ko da ƙaramin ƙiyasin aka ɗauka, an bar miliyoyin bindigogi cikin halin da ba a san matsayinsu ba.

A lura, rajistar 1934 ba ƙaramin abu ba ce. Akwai zanen yatsu da hoto, kuma sai an nemi izini kafin a tsallaka da bindigar zuwa wata jiha. Wasu jihohi ma sun haramta gajeriyar bindigar kafaɗa kwata-kwata, don haka mazaunansu ba su da zaɓin rajistar.

Abin da ya kayar da ƙa'idar ba haƙƙin riƙe makami ba ne, hanyar da aka bi ce. Daftarin ƙa'idar madauri na 2021 ya zo da takardar ba da maki, wadda mutum zai iya zama ya lissafa ya san matsayin bindigarsa. A kan wannan jama'a suka yi sharhi. Rubutun ƙarshe ya watsar da makin, ya kawo wasu ma'aunai shida da suka dogara ga ganin jami'i. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce an nuna wa jama'a abu ɗaya an zartar da wani, kuma a Yunin 2024 Alƙali O'Connor ya soke ƙa'idar. A 2025 gwamnatin Trump ta janye ɗaukaka ƙarar.

A nan ina tare da masu bindiga. Ba musu, da yawa sun sayi madaurin ne don kauce wa rajista, kowa ya sani. Amma hukumar da ta shafe shekara goma tana cewa e, a'a, e, ba ta da bakin da za ta wayi gari ta ce wanda ya gaskata ta shi ne mai laifi.

Gindi mai zamiya kuma fa? Ba a zamanin Trump aka hana shi ba?

A zamaninsa ne, kuma wannan ya nuna cewa ƙorafin ba na jam'iyya ɗaya ba ne. Gindi mai zamiya wani sashe ne da ke amfani da ƙarfin da bindiga ke ja baya da shi, ya sa kunama ta riƙa bugun yatsa da sauri, har harbin ya kusa kama da na mashinga. Daga 2008 zuwa 2017 ATF ta sha cewa ba mashinga ba ne. Ranar 1 ga Oktoba, 2017, wani mutum ya yi ruwan harsashi sama da 1,000 a kan taron waƙa a Las Vegas cikin kimanin minti 10, da bindigogi masu irin wannan gindi. Mutum 58 suka mutu nan take, daga baya adadin ya kai 60.

A Disambar 2018 hukumar ta ce yanzu mashinga ne. Tunda dokar 1986 ta hana farar hula mallakar sabuwar mashinga, babu ma zancen rajista: lalatawa ko miƙawa, cikin kwana 90, ba diyya. An ƙiyasta guda 520,000 ne a hannun jama'a. Wani mai shagon bindiga a Austin, Michael Cargill, ya miƙa nasa biyu sannan ya kai ƙara. A Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya da 6 da 3, ta ce dokar 1934 ta bayyana mashinga da makamin da ke fitar da harsashi fiye da ɗaya da motsin kunama guda, shi kuwa wannan gindi kowane harsashi da nasa motsin. Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta yi kakkausar suka. Alito, wanda ke cikin masu rinjaye, ya rubuta cewa maganin a fili yake: Majalisa ta gyara dokar.

Ban ga amfanin da gindi mai zamiya ke yi wa mafarauci ko mai tsaron gidansa ba, kuma da za a hana shi da doka da na yi murna. Amma mutanen da suka fasa kayan da suka saya da halalinsu a 2019, bisa umarnin da daga baya aka ce ba shi da tushe, babu wanda ya mayar musu da ko sisi.

To me ya hana Majalisa yin dokar?

Lissafin ƙuri'a. A Majalisar Dattawa ana buƙatar 60 cikin 100 kafin yawancin ƙudirori su wuce, kuma batun bindiga da wuya ya tara su. Bayan hukuncin Cargill an kawo ƙudirin hana gindi mai zamiya, aka toshe shi. Ɗaya ɓangaren ma bai iya ba: a Yunin 2023 Majalisar Wakilai ta zaɓi soke ƙa'idar madauri da 219 da 210, Dattawa suka ƙi da 50 da 49. Shi ya sa kowane shugaba ke komawa ga hukuma ya nemi a matse tsohuwar doka ta fitar da sabuwar ma'ana, wanda ya gaje shi kuma ya warware. Tun da Kotun Ƙoli ta soke, a Yunin 2024, tsohuwar al'adar 1984 ta fifita fassarar hukuma idan doka ta yi duhu, wannan hanya ta ƙara ƙunci.

Ba gyara na biyu na tsarin mulki ne ya kare su ba?

Gyaran na 1791 shi ne tushen haƙƙin riƙe makami, kuma hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli na 2008 da 2022 sun ƙarfafa shi. Amma babu ɗaya cikin shari'u ukun nan da aka yanke a kansa. Duka a kan fassarar doka da iyakar ikon hukuma aka yanke su.

Masu goyon bayan ƙa'idojin me suke cewa?

Alƙaluma suke nunawa. Bindigogi marasa lamba da 'yan sanda suka miƙa wa ATF don bin sawu sun tashi daga kimanin 1,600 a 2017 zuwa sama da 19,000 a 2021, kuma ƙasa da kashi 1 cikin 100 aka iya gano mai su. Suna cewa ƙa'idar ba ta ƙwace wa kowa komai ba, ta dai ce mai sayen kwali ya bi layin da mai sayen bindigar shago ke bi. Ƙungiyoyi irin su Everytown da Giffords sun tsaya a kan haka, yayin da Gun Owners of America da Firearms Policy Coalition ke ɗaya gefen. Kamfanin Polymer80 ya rufe a 2024, bayan ƙararrakin da birane suka shigar a kansa. Wani abin da ƙa'idar ba ta magance ba shi ne na'urar 3D, wadda ke ba mutum damar fitar da gangar jikin roba a ɗakinsa ba tare da ya sayi kwalin kowa ba.

Ina aka tsaya?

Zuwa ƙarshen 2025, ƙa'idar kwalin sassa tana aiki, ta madauri an soke, ta gindi mai zamiya ta faɗi. A Fabrairun 2025 Shugaba Trump ya umarci Antoni Janar ya sake duba ƙa'idojin bindiga na zamanin Biden. Dokar kasafi da ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta mayar da harajin dala 200 na salansa da gajerun bindigogin kafaɗa zuwa sifili daga Janairun 2026, amma wajibcin rajista yana nan. Ƙaramin sashen nan da ake maƙala wa fistol ta koma harbi ba tsayawa kuwa, shi kaɗai a aljihu mashinga ne a idon doka, kuma hukuncin Cargill bai taɓa shi ba.

Ni mazaunin Amurka ne. Akwai abin da ya shafe ni a nan?

Akwai. Dokar jiha daban take da ta tarayya, kuma sau da yawa ta fi tsanani. Kalifoniya, New York da New Jersey na cikin jihohin da suka haramta bindiga marar lamba, kuma jihohi da dama sun hana gindi mai zamiya da dokarsu, wadda hukuncin Kotun Ƙoli bai shafa ba. Wanda ke zaune da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai da wasu 'yan keɓe-keɓe kamar lasisin farauta, kuma gangar jiki ita kaɗai bindiga ce a wannan lissafi.

Sai batun aika kaya gida, wanda ya fi shafar mutanenmu. Cewa ana sayar da bututu ko kunama a intanet ba tare da bincike ba, ba ya nufin ana iya sa su a kwantena ko a jakar tafiya. Fitar da sassan bindiga daga Amurka sai da lasisin gwamnatin tarayya, kuma rashinsa babban laifi ne. A Najeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta lissafa kowane sashe na bindiga a matsayin bindiga, shigo da shi ko ƙera shi kuma sai da izini. Idan wani ya ba ka ƙunshi ya ce kayan gyara ne ka kai wa ɗan'uwansa, buɗe ka gani kafin ka karɓa, domin sunanka ne a kan takardar kwastan a ƙasashen biyu.